Yadda Farfesa Clive Ya Shayar da Filin Wongabri

Duk garin da Allah ya so da rahama yakan ba shi mutum guda wanda ya san komai, don sauran jama'a su huta da wahalar tunani. Mu a Wongabri, Clive Ottaway aka ba mu, kuma ba mu taɓa gode wa wannan baiwa yadda ya kamata ba. Shi ma ya sha faɗa mana haka.

Shekara talatin da ɗaya Clive ya yi yana sayar da firji da injin wanki a babban titi. To, haka jahilai ke cewa. In shi ka tambaya, kimiyyar sanyi yake kai wa gidajen jama'a. Ranar da ya rufe shago ya yi ritaya, kafin ya isa gida sai da ya biya ya bugo kati ɗari biyar masu ɗauke da sunansa, a ƙasa an rubuta "Mashawarci kan Lantarki da Na'urorin Zamani". Babu wanda ya nemi shawarar, amma mai kyauta ba ya jiran roƙo. A aljihun rigarsa kullum akwai biro uku da ɗan sukundireba mai fitila, ko gaisawa za ku yi sai ya ɗan shafa shi, kamar mai tabbatar da cewa ilimin bai zube a hanya ba. Wasu marasa kunya a mashaya suka laƙaba masa Farfesa don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu. Abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne jinkirin da aka yi.

Abin alfaharin Wongabri ɗaya ne tak, wato filin kulob ɗin gara ƙwallo. Gari ne na jar ƙasa da gonakin alkama, in ka fita bayan gari daga tumaki sai ƙudaje, amma a tsakiyarsa ga wannan fili kore shar, ciyawarsa gajera luf kamar darduma, inda dattawa maza da mata ke sa fararen kaya suna gara ƙwallo suna gulmar juna. Shekara talatin da huɗu Alby Kowald ke kula da shi. Dattijo ne siriri, mara yawan magana. Kullum da safe yakan tuɓe takalmi ya taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, tafin ƙafarsa ya gaya masa inda ke jin ƙishi, sannan ya jawo tiyo.

A shekarar da nake ba da labari, Kofin Gunduma ya zagayo kanmu. Gari-gari yake bi, sai bayan shekara goma yake dawowa. Masu duba fili za su zo ranar biyar ga Janairu, in ciyawa ba ta yi musu ba a mayar da gasar zuwa garin Merribong. Mutanen Merribong kuwa, in ka ga haƙoransu a waje to wani abu ne ya same mu.

A taron kwamiti na watan Mayu Farfesa ya miƙe. Ya jira sakatariya, Noeline Tasker, ta gama karanta wasiƙu, domin ita tsohuwar shugabar firamare ce, kuma dokar kulob ta ce duk takardar da ta shigo sai an karanta ta a bainar jama'a, ko da tallar taki ce. Tana rufe baki ya buɗe wani gwangwanin biskit, ya zaro wani koren falle da bai fi tafin hannu ba, ya ɗaga shi sama da yatsu biyu.

"'Yan'uwa mambobi," in ji shi, "a zamanin da ɗan Adam ke tuƙa mota a duniyar wata daga kan kujerarsa, mu a nan muna auna ƙishin ciyawa da ƙafar Alby. Ba raini ba, Alby, ƙafa ce mai tarihi. Amma wannan da kuke gani kwamfuta ce sukutum a falle ɗaya. Ita za ta buɗe ruwa, ita za ta rufe, ba ta mantuwa, ba ta ciwon gwiwa. Manhajar da ke cikinta kuwa ni na rubuta ta da waɗannan yatsun, layi dubu biyu da ɗari huɗu. Sati uku ko shayina ban sha da zafinsa ba."

Aka tafa. Mu mutanen kirki ne, in ba mu gane abu ba mukan tafa masa.

Cikin sati biyu aka binne kawunan feshi a filin, aka maƙala na'urar a cikin wani akwati a ɗakin famfo. Don kada a ce akwai ja da baya, Farfesa ya sa aka kwance tsoffin famfunan hannu, ya bayar da duk tiyon Alby sadaka ga masu wasan dawaki, ya sa kwaɗo a ɗakin, ya rataya makullin a wuya. A jikin ƙofa aka kafa allon tagulla: "Tsarin Ban-ruwa na Ottaway. Ƙirƙira da Rubutawa: C. R. Ottaway." Aka ba Alby agogon bango da kek mai kwakwa, aka ce ya je ya huta.

Yuni ya shigo da sanyinsa da ruwan samansa, domin mu a kudancin duniya shi ne farkon hunturu, na'ura ta kama aiki babu kama hannun yaro. Safe ta buɗe, yamma ta buɗe, ana zabga ruwa daga sama tana zabgawa daga ƙasa. Agwagwa biyu suka tare a tsakiyar fili. In ka gara ƙwallo sai ta yi taku uku ta zauna.

Alby ya tsaya a bakin shinge da lema, ya ce, "Clive, abin nan naka ruwan sama yake shayarwa."

"Hangen nesa ke nan, aboki," in ji Farfesa. "Tana tara wa saiwa guzuri ne. Ba zan tsaya yi maka bayanin lissafin ba, kada kanka ya yi ciwo."

Alby ya dubi agwagwar, ya dubi Farfesa, ya tafi gida.

Sai ga ɗaya ga Disamba. Rana ta fito tun da sassafe da niyyar mugunta, kafin ƙarfe tara kwalta ta fara laushi. Ƙarfe goma, lokacin feshin safe, Farfesa ya tsaya a baranda da agogo a hannu kamar yadda ya saba, ya ɗaga yatsa don jama'a su ga ruwa ya fito daidai da saukar yatsan. Yatsa ya sauka. Ko ɗigo. Ya sake ɗagawa ya sauke. Shiru kake ji.

Daga nan aka shiga abin da shi ya kira binciken ƙwaƙƙwafi. Ya kashe ta ya kunna. Ya sake kashewa ya ƙirga goma da ƙarfi sannan ya kunna. Jar fitila ta kama, koriya tana ƙiftawa cikin kwanciyar hankali, alamar babu abin da ke damunta a duniya. Ya canza caja. Ya canza wayar caja. Ya hura mata iska da baki ta kowace kafa. Ya sayo sabon katin ajiya ya kwafe manhajar a kai ya mayar. Ya zargi tururuwa, ya zargi tsaka, ya zargi kamfanin wuta, ya zargi wata mata da ta jona tukunyar shayi a ɗaki na gaba. A rana ta huɗu ya ce zafi ne ya buge ta, ya naɗe ta a tawul ya sa a firjin giya na kulob tsawon awa biyu, domin a fannin sanyi dai babu mai ja da shi. Ta fito da sanyinta, ta ƙifta koriyar fitila, ta ƙi ba da ruwa.

Noeline ta same shi durƙushe a ɗakin famfo, gumi na ɗiga daga hancinsa. Ta ce, "Clive, ni fa ban san kan waɗannan abubuwa ba. Amma me ya sa ta tsaya ranar ɗaya ga wata cif? Abin da ya lalace yana duba kalanda ne?"

Farfesa ya yi mata murmushin da ake yi wa ɗan aji ɗaya. "Noeline, da ilimin lantarki da duba kalanda ake yinsa, da kowace sakatariya injiniya ce. Fallen ne ya zo da naƙasa daga masana'anta. Na gano tun ranar farko, ina dai tabbatarwa ne."

"To a buɗe famfon da hannu mana kafin ka gama tabbatarwa."

"A ɓata min gwaji? In aka sa ruwan hannu, ta yaya zan nuna wa kamfani cewa laifin nasu ne?"

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce famfon hannun yana can gidan mai gwangwan tun watan Mayu.

Ya buga waya shagon Hendry a birnin Adelaide, inda ya sayo na'urar, kuma ya buga ne a tsakiyar zauren kulob da lasifika a buɗe don na baya su koyi yadda ake magana da kamfani.

"Shagon Hendry, Thuy Lam ce."

"Yarinya, haɗa ni da babban injiniyanku."

"Ni ce, Mista Ottaway."

Farfesa ya ba ta damar gyara maganarta. Ba ta gyara ba. Maimakon haka ta shiga jero masa tambayoyi. Jar fitila na kamawa? E. Koriya na ƙiftawa? E. In an jona ta da talabijin tana nuna rubutu? E.

"To ai kamar lafiyarta ƙalau. Ka turo min katin in duba manhajar."

"Manhajar?" Farfesa ya yi wata dariya ta cikin hanci, ya waiwayi jama'a. "'Yata, akwai mutane a Amurka da za su sayar da gidajensu don su leƙa layi goma na wannan manhaja. Ni injiniya ne tun kafin a yanke miki cibiya, kuma na san dokar kare mai saye kamar yunwar cikina. Sabuwa nake so, cikin satin nan."

Thuy Lam ta ce to. Mai yiwuwa ta auna ta ga ɗan fallen bai kai darajar ciwon kai ba.

Kwana takwas kafin sabuwar ta iso, domin Kirsimeti ya matso, gidan waya ya cika. A cikin kwanakin nan zafi ya kai digiri arba'in da uku har sau uku. Ciyawa ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta koma kalar biskit, in ka taka sai ka ji ƙus-ƙus. Noeline ta ce a aro tiyo a jawo daga bayan kicin. Farfesa ya karanto mata sashe na tara na dokar da shi ya rubuta a watan Mayu, wanda ya ce ban-ruwa hurumin Daraktan Fasaha ne shi kaɗai, wato shi Farfesa. Kwamiti ya yi zama biyu a kan ma'anar hurumi, kowane zama aka tashi da shayi.

Mutum ɗaya ne bai karanta sashe na tara ba. Kullum da safe Alby yakan turo baro daga gidansa ɗauke da jarka biyu na ruwan wankansa da na wanke-wanke, ya shiga ta ɓarakar shinge, ya shayar da kusurwar gabas, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. A nan aka watsa tokar gawar matarsa Doreen shekara shida da suka wuce kamar yadda ta bar wasiyya, ita da ta ci kofin mata sau tara a filin. Ranar da Farfesa ya kama shi ya fara jawabi kan gurɓata sakamakon gwaji. Alby ya ajiye jarka ya ce, "Clive, Doreen ba ta cikin gwajinka." Abin ya ba kowa tausayi.

Sabuwar na'ura ta iso. Farfesa ya tara jama'a, ya sa safar hannu fara, ya ciro katin daga tsohuwar ya zura a sabuwar, ya jona, ya ɗaga yatsa. Jar fitila ta kama. Koriya ta ƙifta. Ƙarfe goma ta yi ta wuce.

Da wani mutum ne da sai ya fara zargin kansa. Amma manya ba a san su da wannan rauni ba.

"Biyu!" in ji Farfesa, fuska ta yi jawur. "Biyu a jere! Wannan ba kuskure ba ne, zagon ƙasa ne. Wa ya sani ko akwai ɗan Merribong a masana'antar."

Nan take ya cusa na'urorin biyu a ambulan da wasiƙa mai shafi huɗu, yana neman ta uku, da takardar ban haƙuri mai sa hannun shugaban kamfani. Ya kuma umarce su da su aiko amsar ta hannun sakatariyar kulob, don a karanta ta gaban kowa kamar yadda doka ta tanada. Cikin zafin zuciya ya manta bai zare katin daga cikin sabuwar ba. Shi da ya ce ko Amurka ba za ta leƙa ba, ga shi ya manna masa kan sarki da kansa.

Ranar biyar ga Janairu masu duba fili suka zo su biyu da faffaɗan huluna. Ɗaya ya durƙusa ya ja ciyawa, ta biyo hannunsa kamar gashin tsohuwar tsintsiya. Suka tsaya a kusurwar gabas suka yaba, suka tambaya ko za a iya yin gasar a nan, mutum ɗaya-ɗaya. Ba su ko zauna shan shayi ba. Da yamma shugaban kulob ɗin Merribong ya bugo waya yana jajantawa, ana jin dariya a bayansa.

Amsar Adelaide ta iso ana gobe taron kwamiti. Zaure ya cika fiye da kullum. Farfesa ya zauna a gaba cikin kwat duk da zafi, ya harɗe ƙafa, ya ce wa Noeline, "Karanta a hankali, kada na baya su rasa ko kalma."

Noeline ta gyara tabarau. A rayuwarta ba ta taɓa tsallake layi ba.

"Mista Ottaway, na gwada na'urorin biyu, duka lafiyarsu ƙalau, ga su nan na mayar. Na gode da ka turo katin. Manhajar tana yin abin da aka umarce ta daidai. Wani dattijo ne mai suna Lorne Pelletier ya rubuta ta don lambun bayan gidansa a Kanada, ya sa ta a intanet kyauta. A ciki ya ce daga Yuni zuwa Agusta a ba da ruwa sau biyu kullum saboda zafi, daga ɗaya ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu kuma kada a buɗe ko ɗigo, domin ƙanƙara ta rufe ƙasa, bututu zai fashe. Na ga an goge sunansa a layin farko an sa naka, amma yana nan a wasu wurare goma sha ɗaya, har da inda ya sadaukar da aikin ga karensa. Gyaran na layi ɗaya ne. Tunda kai ka rubuta, ba sai na gaya maka wanne ba. Da fatan ba a yi muku ƙanƙara da yawa a Wongabri ba. Thuy Lam."

Fankar sama tana juyawa, babu abin da take rabawa sai iska mai zafi. Wani a baya ya tambaya, shi dai don neman ilimi, ko mene ne sunan karen.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Amma ba su san Farfesa ba. Ya miƙe a hankali ya gyara kwat. "'Yan'uwa, abin da kuka ji ya tabbatar da maganata cewa laifin daga waje yake. Wannan mutumin na Kanada ya saki manhaja ga duniya ba tare da ya yi la'akari da rabin duniyar ba. Sakaci ne, kuma zai ji daga gare ni. Kada wanda ya taɓa akwatin nan, domin yanzu ya zama shaida."

Noeline ta ce, "Ko ka gyara mana layin nan ɗaya?"

"Ba a taɓa shaida, Noeline."

Sai da ya mayar da na'urar da katinta cikin akwatin ya jona, don shaida ta zauna yadda take, sannan aka karɓi makulli daga wuyansa, aka sayo tiyo, amma ihu ne bayan hari. Akwatin kuwa babu wanda ya kusance shi, ya ci gaba da ƙifta koriyar fitilarsa a duhun ɗakin famfo har aka manta da shi. Aka yi gasa a Merribong. Da muka je, sun rataya mana safar sanyi da hular ulu a ƙofar ɗakin canza kaya.

Ranar ɗaya ga Maris aka kira aikin gayya don a kankare matacciyar ciyawa a sake shuka, Alby ne ke ba da umarni. Kowa ya zo da tsofaffin kaya da manjagara. Farfesa ya zo cikin fararen kayan wasa tas, an goge su har suna ɗaukar ido, da takardu a hannu. Ya taka zuwa tsakiyar jar ƙasar da ta rage, ya nemi a ba shi minti biyar ya karanta wasiƙa ta uku da ya aika Kanada, tunda biyun farko ba a amsa ba, wanda a cewarsa alamar tsoro ce.

"Zuwa ga Mista Pelletier," ya fara. "Ni, a matsayina na wanda ya shafe shekara talatin da ɗaya a fagen kimiyya..."

Wani abu ya yi tari a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarfe goma ta buga. Kan feshin da ke daidai tsakanin ƙafafunsa ya ɗago, ya yi atishawar jar laka ta wata uku, sannan ya saki ruwa da duk ƙarfinsa, sama ta cikin ƙafar wando. Sauran kawunan suka amsa daga kowane gefe, dukansu suna juyowa kansa bi da bi. Takardu suka jiƙe suka manne masa a ƙirji. Fararen kaya suka koma kalar tukunyar ƙasa.

"Tana aiki!" Farfesa ke ihu cikin ruwan, yatsa a sama. "Ku shaida! Noeline, rubuta! Tana aiki!"

Alby yana tsaye a kusurwar Doreen, ya jingina da manjagara. Ya cire hula ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare.

"Madalla," in ji shi. "Ƙanƙara ta narke a Kanada."

A duk tsakiyar filin nan, abu ɗaya mai rai da na'urar ta samu ta shayar shi ne Farfesa. Muna ta zuba ido, har yau bai tsiro ba.